Sista Azara, Wadda Ta Tambayi Innata

Labarin ya same ni yau da safe, ina tsaye a ƙofar masallacinmu na Changli, nan Tamale, ina naɗe tabarmi. Sista Azara ta rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jikarta ce ta kira ni. Ta ce bayan sallar asuba tsohuwar ta nemi koko, kafin a kawo mata ta cika. Na ce to. Na sake cewa to. Wayar ta katse tun tuni, ni ina riƙe da ita a kunne.

Waɗanda suka san ni a shafin nan sun san ba na dogon rubutu. Barka da Juma'a nake sawa, sai hoton jikoki, sai ranar da ƙungiyar ƙwallona ta ci in tsokani mutane. Yau ku yi haƙuri da ni. Akwai abin da matar nan ta roƙe ni, na yi shekara arba'in ina zille mata, kuma yanzu haka akwai wani jariri kwance a unguwar Lamashegu da ransa ke rataye da wannan roƙon. Don haka zan faɗi komai, har abin da 'ya'yana ba su sani ba.

Yaran yanzu sun san ta a matsayin Hajiyar nan mai tabarau da ke zama kan benci a Kaladan. Mu mun san ta tana budurwa, nas, cikin farin yunifom, a kan keke, a shekarun da ƙasar nan ta sami 'yancin kanta.

Ni Sumaila an haife ni a shekarar da aka sauke tutar Bature aka ɗaga tamu. Babana yakan ce ni da ƙasar tare muka zo, amma ƙasar ta riga ni miƙewa. Ni ne kuma ɗan fari a gidanmu.

Tun da na yi wayo cikina a kumbure yake. Ƙafafu kamar sillen kara, ciki kuma ya yi gaba abinsa. Yaran unguwa suka sa mini Ganga. Wasu daga cikin tsofaffin da ke karanta wannan su suka raɗa mini sunan. Na san ku ɗaya bayan ɗaya. Na yafe, amma ban manta ba.

Sai in yi kwana bakwai, kwana goma, ban zaga ba. Loma uku na ƙoshi, numfashi ya yi sama.

Kakata, Iya, ita ce likitar gidan, kayan aikinta kuma bentowa, wannan abin da ake ɗura wa yara ruwa da shi ta ƙasa. A lokacin ta ɗan duma ce, ba roba ba. Ta niƙa citta da barkono, ta kaɗa da sabulu, a danne ni. In yi ihu har maƙwabta su leƙo. Wani abu ya fita, Iya ta karkaɗe hannu ta ce, "Ga shi nan. Taurin kai ne kawai irin na ubansa."

Wanzami ma ya zo ya yi mini tsaga kewaye da cibiya. Na sha rubutu, na sha jiƙo. Ba na zargin kowa. Duk don suna sona suka yi.

Ina da shekara biyar ranar da Sista Azara ta tsaya a rumfar babana. Malam Garba mai goro, a kasuwa. Da yake ba na iya gudu da yara, a kan huhun goro nake wuni. Ta jingine keke, ta zo saya wa mahaifinta goro. Sai ta bar goron tana kallona.

'Yar Dagomba ce, Hausarta ta kasuwa ce, ba ta rarrabe namiji da mace, kuma kowane dattijo "M ba" take ce masa, wato babana.

Ta ce, "M ba, yaron nan naka ne?"

Ya ce, "Nawa ne."

"Ranan da an haife shi, yaushe ya yi kashi na farko? Baƙin nan."

Baba ya ce duk zamansa a kasuwa ba a taɓa yi masa irin wannan tambaya a gaban kayansa ba. Ya gyara hula ya ce, "'Yata, goro nake sayarwa. Wannan zancen mata ne."

Ta ce, "To ina matan?"

Da yamma sai ga ta a gidanmu. Iya ce ta tare ta a tsakar gida. Ta ce lafiya lau aka haife shi, ni na yi masa wanka, ni na ɗura masa, ya yi. Innata tana gefe tana daka, kanta a ƙasa, ba ta ce uffan ba.

Ga waɗanda ba su tashi a irin gidanmu ba: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, ba ta nuna damuwarsa. "Yaron can" Inna take ce mini. Da ta buɗe baki a gaban Iya ta ce ɗana ba shi da lafiya, da unguwa ta ɗauka cewa matar Garba ba ta da kunya.

Sista ba ta yi gardama da Iya ba. Ta yi godiya ta hau kekenta.

Washegari da safe ta je famfon unguwa, inda mata ke layin ruwa. Ta ari bokiti, ta shiga layi a bayan Inna, da yunifom ɗinta da komai. Can ƙasa-ƙasa ta sake yin tambayar.

Inna ce ta ba ni labarin da bakinta, bayan tsufa ya rage mata kunya. Ta ce, "Na ce mata kwana huɗu. Na ƙirga. Rana ta uku ka yi amai kore. Ina kallo, ban isa in ce komai ba." Ta ce daga nan sai kuka ya ƙwace mata, a layin famfo, a gaban mata.

Shekara biyar amsar tana bakinta. Ba wanda ya tambaye ta.

A bayan keken Sista na fara zuwa asibiti. Inna tana biye da mu daga nesa, kamar wadda za ta wata unguwa. Doktan ɗan ƙasa ne, bai daɗe da dawowa daga karatu ba. Aka ɗura mini wani farin ruwa mai kauri aka ɗauki hoton ciki. Daga baya aka gutsuri ɗan nama daga can ciki, bai kai ƙwayar shinkafa ba, aka sa a kwalba aka tura Kudu a motar wasiƙu, don na'urar da za a duba shi babu ita a Tamale a lokacin.

Muka yi makonni muna jira. Sista ta hana barkono. Ta koya wa Inna wanke mini hanji da ruwan ɗumi da gishiri, a kan awo, da wata roba mai laushi. Iya ta yi fushi, ta ce yarinyar da ko haihuwa ba ta yi ba ita za ta koya mata raino. Sista ta durƙusa ta miƙa mata cokalin awo, ta ce, "Iya, hannunka ya fi nawa sanin gishiri. Kai za ka auna." Daga ranar duk wanda ya taɓa cokalin nan sai ya ji bakin Iya.

Amsa ta dawo. Ƙarshen hanjina, ta wajen mafita, ba shi da ƙwayoyin jijiyar da ke sa hanji ya matsa ya tura abin da ke ciki. Haka aka haife ni. Ba maita ba, ba taurin kai ba. Cutar tana da suna, sunan wani Bature ne, har yau harshena bai iya shi ba.

Magani kuma tiyata ce, har biyu. Ta farko a nan Tamale, a fito da bakin hanji ta gefen ciki, abin ya riƙa fita ta nan har in yi ƙwari. Ta biyu a Kudu, a yanke wurin da ba ya aiki a jona mai lafiya.

Baba ya ce sam. "A huda cikin ɗana najasa ta riƙa fita ta gefe? Yaya zai yi sallah? Wa zai ba shi mata? Na bar wa Allah."

Kullum in Sista ta sami hutun rana sai ta zo rumfa, ta sayi goro ɗaya, ta zauna. Ba ta ma cin goro. Ta gaishe shi, ta gaishe ni, ta tafi. Ta fi mako biyu tana haka. Ranar da ta buɗe zancen ina zaune a wurin.

Ta ce, "M ba, kana bin hanyan Kumasi?"

"Tun ba a haife ki ba."

"In jirgin fito na Yeji ya lalace, mi ke faruwa?"

"Motoci su taru. Layi har cikin daji. Goro ya bushe a huhu."

"Laifin motoci ne?"

"Ina ruwan motoci."

"In ka zuba barkono a tankin mota, za ya ƙetare ruwa?"

Baba ya yi dariya ba da son ransa ba.

Ta ce, "Haka cikin yaronka. Wurin da ya kumbura lafiyanshi lau, layi ne kawai. Mashigin ne ba ya aiki. Shekara biyar kuna dukan motoci."

Can ya ce, "In ya mutu a hannunku fa?"

Ta ce, "Za ya iya mutuwa, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma in an bar shi haka, ba za ka ga gemunshi ba. M ba, Bature ya tafi. Asibitin nan namu ne yanzu. Dokta ɗan ƙasa ne, ni kuma ka san gidan ubana a Kaladan. Ba inda zan gudu."

Washegari ya je ya dangwala yatsa a takarda.

Aka yi ta farko. Na farka da hanjina a waje, ja, a gefen hagu. A lokacin babu jakar nan da ake mannawa yanzu. Sista ta yanko 'yar ƙaramar ƙwarya, ta ɗinka ɗamara da tsohon zanenta, ta ce a riƙa shafa mini man kaɗanya kewaye da wurin. Duk da haka tsumma na jiƙewa, fata na ɗaɗewa, ina kuka.

Wata rana Baba ya dawo daga kasuwa da damin ganyen da ake naɗe goro. Ya ajiye a tsakar gida bai kalli kowa ba. Ya ce, "Wannan ba ya barin ruwa ya wuce."

Sista ta juya ganyen a hannu, ta ce, "Wannan ba a koya mana a makaranta ba." Ta shimfiɗa shi a cikin ƙwaryar da ƙarƙashin ɗamarar, fatata ta warke. Bayan ni ta yi wa wasu yaran amfani da shi, kuma har Baba ya rasu ganyen asibiti daban yake ware shi.

A wannan shekarar na san daɗin abinci. Tuwon zafi da miyar ayoyo, in cinye in miƙa kwano. Na yi kumatu. Amma wari ba ya ɓoyuwa, yara suna ganina suna toshe hanci su watse. In Sista ta zo ta tarar da haka, sai ta ɗauke ni cak ta ɗora a cinyarta, a kan farin yunifom, a gabansu, ta zauna tana hira kamar ba komai. Da gangan take yi. Ina da shekara shida amma na gane.

Da lokacin tiyata ta biyu ya yi, hutunta na shekara Sista ta ɗauka ta raka mu. Ni da ita da Baba, a gaban wata lorin doya. Muka iso Yeji muka tarar jirgin ya tsaya, motoci sun yi layi ba a ganin ƙarshensa. Baba ya leƙa ta taga, ya taɓa ni, ya ce, "Sumaila, ga cikinka nan." Sista ta yi dariya har da hawaye.

Na tiyatar ba na tuna komai sai ƙishirwa, da hannunta a goshina.

Bayan 'yan kwanaki na zaga ta hanyar da kowa ke zagawa. Sista ta duba fo ɗin, ta ɗaga hannu sama tana tafi. Baba ya kwance ƙullin goronsa ya bi gado-gado yana rabawa, har nas-nas ɗin Kudu da ba su san yadda ake cinsa ba. Tun da nake ban sake ganin an yi wa kashi biki ba.

Ranar da muka dawo Changli, Inna tana tsakar gida, Iya na zaune, mata sun cika gidan. Inna ta ajiye muciya ta taho. Ta ce, "Sumaila."

Ranar na fara jin sunana a bakinta.

Ta ɗauke ni a gaban kowa. Iya ta juya kai tana neman wani abu a cikin kwando, ta daɗe ba ta same shi ba.

Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya zama daidai. Ban zo in yi wa kowa daɗin baki ba. Na kai shekara goma sha uku ina ɓata wando ba tare da na sani ba. Sau biyu zazzaɓi da gudawa mai wari suka mai da ni gadon asibiti, don Sista ta ja kunnen Inna cewa in aka ga haka tare da kumburi, a ruga, kada a jira gari ya waye sau biyu. Ita ta sa mini doka: bayan kowane abinci in je in zauna, ko ina ji ko ba na ji. A hankali jiki ya koya.

Daga baya na ja lori shekara talatin, na ƙetare Yeji ban san iyaka ba. Na yi aure, 'ya'ya bakwai. Na sauke farali. Yanzu ni ne ladan a unguwarmu. Ni da wake dai har yau gaisuwa ce daga nesa.

Sista kuma duk inda ta gan ni, ko a tasha, ko a gidan suna, ko ina tare da surukaina, gaisuwarta ɗaya ce: "Sumaila, ka zaga yau?" Da ƙarfi. In ce, "Haba Sista." Ta ce, "Amsa nake so."

To ga inda na gaza.

Da na girma sai na binne zancen. Ban taɓa tuɓe riga a gaban mutane ba. Samari suna wanka a dam ina gadin takalma. A aikin Hajji na ja harami na ƙudundune kamar mai jin sanyi. Matata ta san an yi mini aiki ina yaro, iyakar abin da na gaya mata ke nan. Na sha wahala kafin sunan Ganga ya mutu, ban so ya tashi.

Ina neman aure Sista ta aiko in zo. Ta ce an kawo wani yaro mai irin ciwona, uban ya ƙi tiyata. Ta ce, "Zo ka ɗaga riga kawai. Minti biyar. Ya ga mutum ne ka zama."

Na tambaye ta wane ne uban. Ashe a layin su yarinyar da nake nema yake.

Na ce mata ina da lodi, gobe da asuba zan tashi. Ƙarya nake. Na je na nemi lodin daga baya don ƙaryar ta zama gaskiya.

Da na dawo na tambaye ta yaron. Ta ce, "Sun tafi gida." Bayan 'yan watanni na ji an kai shi makwanci.

Ba ta taɓa goranta mini ba. Ta zo bikina da saitin kwanoni, ta yi rawa. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Bayan wannan, duk 'yan shekaru sai ta sake roƙo, don wani yaron daban. Ni kuma kullum ina da tafiya.

Ganina da ita na ƙarshe, Juma'a biyu da suka wuce. Na kai mata ƙosai. Tana kan bencinta a Kaladan, ido ya yi rauni, amma har lokacin mata suna kawo mata jarirai tana latsa cikinsu da yatsu biyu. Sallamata kawai ta ji ta ce, "Sumaila, ka zaga yau?" Na ce na zaga, Sista. Ta ce, "Zauna."

Ta ba ni labarin wani Yakubu mai walda a Lamashegu. Ɗansa wata biyu. An yi gwaji, irin nawa ne, dokta ya ce tiyata. Yakubu ya naɗe ɗansa ya koma gida.

Ta ce, "Yanzu komai akwai. Gwaji a nan garin ake yi. Jaka akwai, ba ƙwarya ba. Abin da babu, abin da uba za ya gani da idonshi. Na aika mishi, bai ji ba. Ni tsohuwa ne, ba ni da tabo."

Na fara kame-kame. Ta laluba ta kama hannuna.

Ta ce, "Uwanka ya yi kunya shekara biyar. Kai ka yi sittin. M bia, ya isa."

M bia, wato ɗana. Haka take ce mini in zancen ya yi nauyi.

Na ce, "Zan duba, Sista."

Ta ce, "Ba ka da lori yanzu."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ashe tun wancan lokacin ta san ƙaryar lodin.

Kuma ban je ba. Mako biyu cur ina cewa gobe.

Yau bayan azahar muka kai ta. Na zuba ƙasa da hannuna. Daga maƙabarta ban biya gida ba, na tare yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, na ce Lamashegu. Ƙasar kabarinta tana cikin farcena.

Na sami gidan da tambaya. Yakubu sa'an autana ne. Ya shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida. Mahaifiyarsa na zaune, ga bentowa an kife a kan katanga tana shan iska. Matarsa tana bakin ƙofar ɗaki da jaririn a kafaɗa, kanta a ƙasa. Ba sai an gaya mini ɗan fari ne ba.

Na nemi izini in yi wa matar tambaya ɗaya. Na ce, "'Yata, da aka haife shi, kwana nawa kafin ya yi na farko?"

Ta kalli surukarta. Ta kalli ƙasa. Ta ce, "Uku, Baba."

Yakubu ya ce, da Hausarsa irin ta Sista, "Alhaji, na san wa ya turo ka, Allah ya jiƙan shi. Amma ba za a yanka mini yaro ba. A fito da hanjinshi waje? Yaya za ya yi sallah? Wa za ya ba shi mata?"

Kamar babana ne ya dawo ya zauna a gabana.

Na miƙe. Na tuɓe babbar riga na ajiye. Na ɗaga ta ciki har ƙirji, a tsakar gidan mutane, da rana tsaka, a gaban uwarsa da matarsa.

Na nuna masa ƙananan tsagar wanzami. Na ce waɗannan ba su yi mini komai ba. Na nuna masa zagayayyen da ke hagu, inda hanjina ya yi shekara a waje, da dogon da ke tsakiya. Na ce waɗannan biyun su suka sa kake ganina.

Ya matso. Ya ce, "Alhaji, ba kai ne ladan na Changli ba?"

Na ce ni ne.

"Alwala na zama?"

Na ce daga asuba har hantsi, in ban ci wake ba.

"Yara fa?"

Na ce bakwai, kuma duk sun iya cin tuwo.

Na gaya masa na wahalar ma. Warin, da wandon da na ɓata, da komawa asibiti. Na ce za a iya rasa shi, kamar yadda aka gaya wa babana. Amma in ka bar shi haka, ba za ka ga gemunsa ba. Maganar Sista ce, na ara.

Ya sa yatsa ya taɓa zagayayyen tabon. Ya daɗe bai ɗauke ba. Mahaifiyarsa ta tashi a hankali, ta ɗauke bentowar daga kan katanga ta shige da ita ɗaki.

Bai ce ya yarda ba. Cewa ya yi, "Ƙarfe nawa dokta ke zuwa gobe?"

Na ce ƙarfe bakwai zan tsaya a ƙofarka da yalo-yalo, tare za mu.

Ban san yadda za ta kasance ba. Allah ne masani. Abin da na sani, gobe ina ƙofar nan.

Ku kuma ga roƙona. In an haifi jariri ya yi kwana biyu bai yi baƙin nan na farko ba, ko cikinsa ya kumbura, ko ya yi amai kore, a ajiye bentowa a tafi asibiti. Kuma a tambayi uwar. Ita a tambaya, ba kaka ba, ba uba ba. In ɗan fari ne a ja ta gefe, ta ƙirga tun tuni.

Duk uban da aka ce za a yi wa ɗansa wannan aikin yana jin tsoro, ya zo masallacin Changli ya ce Sumaila ladan. In ya ga dama ya ce Ganga, zan amsa. Zan ɗaga masa riga ko sau nawa ne.

'Ya'yana, ku yafe mini da a nan kuka fara ji.

Ya Allah, ga baiwarka Azara ta zo gare Ka. Ta ɗauki abin da mutane ke ƙyama ta ɗora a cinyarta, Ka ɗauke ta da rahamarKa. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sa kowane yaron da ya rayu ta hannunta ya zama hujja gare ta. Ka jiƙan Inna da Baba da Iya. Ka jiƙan yaron nan da ban je ba, wanda ko sunansa ban tambaya ba, Ka yafe mini.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ya wuce da amin a rubuce kawai. Ka ɗaga hannu ka ambace ta da sunanta. Ka haɗa da jaririn Lamashegu, sunansa Abdul-Rahim, wannan karon na tambaya.

Sista, na makara. Amma na je.